Wai Malam Ba Ya Ciyar Da Ni

Litinin, 12 ga Mayu 1975, bayan azahar

Mun dawo daga asibiti. Ni ciwon kai na kai masu, ciwon kai kawai, sai ɗan haki in na ja guga. Amma Sista Fadimatu, wata siririya da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, ta naɗe mani damtse da wani ƙyalle, ta yi ta hura shi har na ce hannun zai fashe. Ta duba agogon abin, ta dube ni, ta sake hurawa. Ban so wannan sake hurawar ba.

Wai jinina ya hau, zuciya tana aikin jaki. Ta ba ni ƙwayoyi, sannan ta shiga karanto mani dokoki: a rage gishiri ƙwarai, ba kanwa, ba man shanu, ba kitse, a riƙa tafiya kullum har a yi zufa. Na ce, "Sista, tau mi ya rage? Ruwa?" Ta ce ga zogale, ga rama, ga wake, ga yakuwa. Na ce ashe akuya za ki mai da ni. Ko murmushi ba ta yi ba. Allah ya sa ba haka take yi wa mijinta ba.

Da zan fito ta tambaye ni ko a danginmu akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka kawai. Na ce mata sauri nake, Malam yana jirana cikin rana.

Lafiyata lau.

Talata, da hantsi

Na sa Malam ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Sai da na sa ya maimaita, don na san halin kayana. Maigidan nan nawa akawu ne a ofishin hakimi, kuma duk Kankiya an san in kana son magana ta kai kasuwa kafin azahar, gaya mashi da safe ka ce sirri ne.

Ya ce, "Haba Haulatu, ciwo abin kunya ne?" Na ce ba kunya ba ce, Inna ce. In maganar ta fita gidan nan, kafin kwana biyu ta isa Kusada. Da kaka aka rufe yayata Kubura. Tana daka, tana ba'a da matan gida, ta ce a riƙe mata taɓarya. Shi ke nan. Tun ranar Inna ba ta koma daidai ba, kuma ba ni zan kai mata na biyu ba.

Ba zan ƙara rubuta maganar Kubura a nan ba.

Alhamis, bayan magariba

Na yi miyar kuka da gishiri ɗan tsunkule, ba kanwa, ba mai. Na ɗanɗana, na ce innalillahi. Ruwan wankin tukunya ya fi ta armashi. Tukunyar Malam daban na yi mashi, tana ta ƙamshi tana yi mani dariya.

Kuma ƙwayoyin nan na Sista ba su da mutunci. Tun safe hanyar bayan gida nake, har buta ta san tafin hannuna.

Lahadi, da sassafe

Matar aure ina za ta yi yawo? Sai na ce bari in zaga rumbu. Na ɗaure zane, na kama zagaye. Kaji suka ɗauka tsaba zan watsa, suka biyo ni a layi, zakara a gaba.

Ban yi nisa ba sai ga kan Ma'u maƙwabciyata bisa katanga. Matar nan tana da wani turmi da ta ajiye a gindin katangar, ba don daka ba.

"Haulatu, mi kika yar?"

Na ce ɗan kunne.

"Ayya! Na zinaren?"

Kafin in ce uffan ta zagayo ta shigo, ta duƙa tana tone ƙasa da tsinke. Ni ina zagawa, ita tana tono, kaji suna taya ta. Da rana ta ɗaga ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta kalli kunnuwana, duka biyun da 'yan kunnensu. Ta karkaɗe zane ta koma gidanta. Shirun Ma'u ya fi maganarta haɗari.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Iyatu ta zo daga rugarsu ta wajen Fakuwa, da ƙwaryar nono da curin man shanu, kamar yadda ta saba tun ina amarya. Ƙawancenmu ya kai haka. Ta buɗe faifai, man nan fari sol, yana ƙyalli. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Mai da kyautar Bafillatana? Gara ka zage ta. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ba ta dawa da daddawa. Ta ce in lasa ta gani, wai na sabuwar saniya ne. Na ce azumi nake. Ta ce azumin mi a Laraba? Na ce ramuwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ramuwa kam ga ta nan, wuyanki ya fara fitowa."

Man kuwa Malam na juye wa a tuwo. Ya ce don taimako zai ci.

Asabar

Ban ci ba. Na dai shinshina.

Talata, 27 ga Mayu, da hantsi

Tsugune ba ta ƙare ba. Ma'u ta gama bincikenta, ta gano iska ce ta shafe ni. Wai mace ba ta zaga rumbu da asuba tana haki sai da dalili, kuma wata gwaggonta a Ƙofa haka ta fara. Jiya ta shigo da kasko da garwashi, ta zuba wani tarkace mai warin ƙonannen kofato, ta lulluɓe ni da zane tun ban ankara ba. "Ku faɗi abin da kuke so! Farin zakara ko ja?" Da aljanun take. Na yi tari har na ga taurari. Na ce mata daga cikin zanen, "Suna son ki koma gidanki."

Ta ce, "Kin ji ko? Sun yi magana."

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Yau na yi ɓarna da hannuna. Ranar Juma'a mukan yi musayar kwano da Ma'u, ta aiko da nata, in aika da nawa. Garin sauri na zuba mata daga tukunyata maimakon ta Malam.

Kafin a sauko masallaci labari ya canza. Yanzu ba iska ba ce. Yunwa ce. Wai gidan Malam Amiru ko gishiri babu, mutumin da ya karɓi ƙarin albashin Udoji ya sayi Honda sabuwa fil, yana ta hura mata ƙaho a gari, matarshi kuwa tana shan miya lami.

Abin haushin, shaida tana tare da su. Kumburin ƙafata ya saɓe, fuskata ta faɗa, zanena ya fara zagaye ni har da saura. Shi kuwa bawan Allah, tun da ya gaji rabona na man shanu, kumatunshi sun cika, wuyan rigarshi ba ya maɓalluwa. In muka tsaya tare, ko ni alƙali ce sai na ɗaure shi.

Litinin, 2 ga Yuni, da rana

An fara kawo mani sadakar gishiri. Matar liman ta aiko da ƙulli ɗaya. Wata tsohuwa da ban ma san ta ba ta zo da kanta, ta damƙa mani a hannu, ta matse, ta ce, "Yi haƙuri ɗiyata, maza sai Allah." Yanzu ina da gishirin da zai kai ni kaka, ni da aka hana.

Malam ya dawo fuska a murtuke. Ya fito daga ofis ya iske an rataya mashi ƙullin gishiri a ƙahon Honda. A majalisa kuma wani ya tambaye shi ko man babur ne ya cinye na miya. Ya zauna bakin gado ya ce, "Haulatu, ki kwance mani rantsuwar nan. Mutum ɗaya kawai zan gaya wa." Na ce wa? Ya ce Sarkin Aski. Sarkin Aski! Gara ya ba mai shela.

Na ce a'a. Ya ce tau. Na ji tausayinshi, amma na fi jin tausayin Inna.

Laraba, bayan isha

An yi suna a gidan su Ma'u. Ban iya ƙin zuwa ba. Ina zama mata suka yi mani caa, kowace da abin da take turo mani. "Ci, nan ba gidanshi ba ne." "Ci, ba mai gaya mashi." Soyayyen naman rago, mai yana ɗiga, ga yaji da gishiri an barbaɗa ba tsoron Allah. Ga kunun kanwa na mai jego an cika mani kofi.

Na ce loma ɗaya don a bar ni.

Ba zan rubuta ko nawa ba ne.

Alhamis, da hantsi

Na ɗauki taɓarya zan surfa gero. Ban kai ko'ina ba ƙirjina ya kama duka, kaina ya yi nauyi, tsakar gida ta karkace. Na ji bakina yana shirin cewa a riƙe mani taɓarya.

Na zauna a ƙasa. Ba kowa a gidan sai kaji.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tsoro nake ji. Autana ko wankan kanshi bai iya ba tukuna.

Juma'a

Ban yi daka ba.

Asabar, da sassafe

Na koma bakin rumbu. Ma'u ta leƙo, na ce mata ina kwana, na ci gaba da abina. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ba ni da gemu, amma na ga wutar.

Na gano in aka sa daddawa da yawa da albasa da ɗan tsamin yakuwa, miyar tana shiga ba sai an yi mata addu'a ba. Kwaɗon zogale ma ba laifi, in an danne zuciya. Akuyar dai na zama, har na fara sanin ganye mai daɗi.

Laraba, 11 ga Yuni, bayan azahar

Na koma wurin Sista. Na gaya mata maganar suna tun ba ta tambaya ba, ta yi mani wankin babban bargo, na shanye. Sannan ta naɗa ƙyallenta ta hura. Sau ɗaya kawai ta hura! Ta ce ya fara sauka, in ci gaba, kada in bar ƙwaya, kada in bar tafiya. Har haƙoranta na gani. Ashe tana da su.

Jiya na ja guga har na cika randa ban zauna ba. Na tsaya ina jiran hakin, bai zo ba. Daɗi ya kama ni, na rasa wa zan gaya wa, sai na gaya wa akuya.

Alhamis, kafin magariba

Murna ta koma ciki. Iyatu ta kai nono kasuwar Kusada, ta biya ta gaida Inna. Ban san mi ta faɗa ba, amma na san Iyatu, in ta ga ƙadangare sai ta ce kada. Direban motar kasuwa ya kawo saƙo: Inna tana tafe jibi, da wana Yaya Rabe.

Inna da ko bikin autana ba ta taka gidan nan ba, don kunyar suruki.

Na gwada ɗaura zane biyu. Na gwada cika kumatu da iska a madubi. Malam ya shigo ya same ni a haka, ya juya ya fita.

Asabar, 14 ga Yuni, bayan isha

Sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Da hantsi suka iso. Yaya Rabe ne a gaba, da tumbinshi, da tunkiya a igiya. Inna a baya da sanda, an ɗauko mata ƙwarya rufe da faifai. Ta tsufa, wayyo ta tsufa. Ta dube ni daga ƙofa, ba ta amsa gaisuwata ba, ta kama damtsena ta matsa kamar mai tayin akuya. Ta ce, "Ina sauran?"

Ba ta huta ba. Ta sa aka yanka tunkiyar, ta kori kowa daga madafa, ta yi tuwo da hannunta. Miyar kuwa, kitse a ƙasa, man shanu a sama, kanwa da gishiri a tsakiya. Irin wadda muka tashi da ita. Ƙamshin ya kai har gidan Ma'u, na kau ga kanta ya fito bisa katanga.

Aka kira Malam. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa bayan asabari, kai a ƙasa. Inna ba ta magana da suruki baki da baki, sai ta bi ta kan Yaya, alhali taku biyu ne tsakaninsu.

"Rabe, tambaye shi, haka muka ba shi ita?"

"Inna ta ce haka muka ba ka ita?"

"A yi haƙuri," in ji Malam.

"Rabe, tambaye shi, babur ɗin ne ke yi mashi tuwo?"

Yaya ya maimaita, har da ƙarin nashi. Malam ya ce a yi haƙuri. Mutumin da ba a taɓa rufe bakinshi ba, yau kalma uku gare shi. Ina ganin zufa tana bin sabon wuyan nan nashi.

Sai Inna ta turo akushi gabana. Ta ce in cinye a gabanta, yau da gobe da kullum, ta ga mai hana ni. In kuwa ba a ci a gidan nan, in haɗa kayana mu kama hanyar Kusada da safe.

Na wanke hannu. Na gutsuro tuwo, na tsoma. Man ya biyo yatsuna, da ɗumi. Ba zan yi ƙarya ba, ina so. Na ce a raina in na ci, Inna ta kwana da daɗi, Malam ya wanku, Ma'u ta sauka daga katanga. Loma ce kawai. Sai dai Inna ba yau kaɗai ta ce ba, kullum ta ce.

Na ɗaga hannu ke nan sai muryar Malam ta fito daga bayan asabari, kai tsaye, ba ta kan Yaya ba.

"Kada ta ci! Inna, ni ne. Ni na hana. Rowa ce ta kama ni, a yi mani duk abin da za a yi, amma kada ta ci."

Yaya Rabe ya haɗiye lomar da ke bakinshi, don shi tuni ya fara, ya ce, "Tau, tunda ka faɗa da bakinka, sai ka ba ta takardarta."

Na dubi asabarin. Ta ƙasa ina ganin yatsun ƙafarshi sun ƙanƙame ƙasa. Wannan mutum zai bar a kira shi marowaci har kabari, zai bar a tafi da ni, don wata rantsuwa da na ɗora mashi. Na mai da tuwon cikin akushi.

Na ce, "Inna, ƙarya yake yi. Ni na sa shi rantsuwa. Abin da ya kayar da Yaya Kubura a bakin turmi, shi ne a ƙirjina. An gani a asibiti. An ce in na bar gishiri da kanwa da mai, na riƙa tafiya, ina shan magani, da sauran kwana a gaba in Allah ya so. In na ci wannan kullum, ban sani ba."

Na jira ta faɗi. Abin da nake tsoro ke nan tun farko. Ba ta faɗi ba. Ta daɗe tana kallon akushin. Sannan ta jawo shi gabanta, ta rufe da faifai, ta ɗora sandarta a kai.

Yaya Rabe ya dubi hannunshi, mai har gwiwa. Ya ce a hankali, "Abin nan, yana kama maza?"

Inna ta tashi ta shige ɗaki ta kwanta. Ban san ko fushi take yi ba. Malam kuwa yana fita ya nufi gidan Sarkin Aski, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Lahadi, da hantsi

Ina sallame sallar asuba na ji kara a bayana, ƙyat. Inna ce, da karan dawa a hannu.

"Tafiyar da aka ce, a kwance ake yin ta?"

Ta sa na kai mata kujera tsakar gida. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta nuna rumbu da karan. Na kama zagaye. In na rage sauri, in na zo wucewa sai in ji kara a ƙafa. Matar da ta zo jiya ta ƙara mani ƙiba, yau ita ke kora ta kamar jakin kai taki.

Kan Ma'u ya fito bisa katanga. Inna ko juyawa ba ta yi ba ta ce, "Ke mai leƙe, ko ki shigo ki zaga, ko ki sauka. Na ga ke ma wuyanki ya yi uku." Kan ya nutse.

Na yi ta zagawa, zufa tana zuba, ina dariya ina haki. Can da na zo wucewa ta gabanta, na ji tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba.

"Da Kubura ta sami mai gaya mata."

Ƙafata ta tsaya da kanta. Yaya Kubura ɗiyar fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. "Waccan" take cewa, ko "yarinyar nan". Ko ranar da aka fita da ita, ba ta faɗa ba, ba ta kuma yi kuka a gaban mutane ba. Yau ga shi ta faɗa, tsakar gidan suruki, da safiyar Allah, hawaye yana bin tamojin fuskarta.

Na ce, "Inna."

Ta share da gefen mayafi, ta ɗaga karan.

"Wa ya ce ki tsaya?"

Na ci gaba da tafiya.